Manyan jant a kan ƙananan motoci: lambobin da ya kamata mai mota ya karanta kafin ya biya kuɗi

MARAƊI – Duk lokacin da salla ta gabato, ko aka shiga kakar bukukuwan aure bayan an kai amfanin gona gida, masu sayar da kayan mota da masu faci kan samu ƙarin baƙi. Cikin masu zuwa akwai waɗanda babu abin da ya lalace a motarsu. Ado suke nema: a kwance ƙafafun ƙarfe da motar ta zo da su, a ɗaura mata manya na alminiyam masu walƙiya, da siraran tayoyi. A Yamai jant ake ce masu, a Maraɗi da Damagaram kuwa, inda kayan mota da yawa ke shigowa daga Katsina da Kano, za ka ji ana cewa rim ko wili.

Babu mai musun cewa mota kan ƙara kyau da su. Sai dai yawancin cinikin da ido ake yin sa. Mai saye ya duba zane da ƙyalli, yaron gareji ya gwada, in ramukan sun hau kusoshi aka ɗaure noti, shi ke nan an gama. Abin da ya rage kan bayyana ne daga baya: taya tana goga madigadi idan an ɗauki mutum biyar, sitiyari yana rawa a hannu, boris yana kuka bayan ƴan watanni, ko kuma taya ta fashe a wani rami tsakanin Dogon Dutse da Birnin Ƙonni, da iyali a cikin mota.

Alhali kusan duk abin da mai mota ke bukatar sani a rubuce yake a wurare uku: a jikin taya, a bayan jant, da kuma a ƴar takardar da kamfani ke liƙawa a bakin ƙofar direba.

Abin da rubutun jikin taya ke faɗa

A ɗauki misalin matashi mai Toyota Corolla, irin wadda ta cika titunan biranenmu, wadda ta zo da taya mai rubutu 195/65 R15 91H. Kowace lamba a nan da aikinta.

Lamba ta farko, 195, ita ce faɗin taya a milimita. Ta biyu, 65, ba milimita ba ce, kaso ne: tana nufin tsawon gefen taya, wato robar da ke tsakanin bakin jant da ƙasa, kashi 65 ne cikin 100 na faɗin. Idan aka buga, milimita 127 ke nan. Harafin R na nuna irin saƙar da ke cikin tayar, 15 kuma girman jant ne a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Saboda haka jant mai inci 15 milimita 381 ne. In aka haɗa da gefen taya na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zama kusan milimita 635.

Wannan adadi na 635 shi ne ginshiƙi. Da shi kamfani ya saita agogon gudu, da shi ya auna filin da ke ƙarƙashin madigadi, da shi kuma ya daidaita giya da na'urar birki ta ABS. Ƙa'idar da masu sana'ar taya ke bi a ko'ina ita ce: jant na iya ƙara girma, amma tsayin ƙafar gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. Ma'ana, duk abin da ƙarfe ya ƙara, dole roba ta rage shi.

Ga wannan Corolla, lissafin yana fitowa kamar haka. Idan aka koma inci 16, taya 205/55 R16 tana ba da milimita 632. Idan inci 17 ne, 225/45 R17 tana ba da 634, kamar ba a taɓa komai ba, 215/45 R17 kuma tana ba da 625. Idan aka haura inci 18, 225/40 R18 tana ba da 637. Duk waɗannan suna cikin iyaka ta fuskar tsayi.

Inda ake samun matsala shi ne idan aka sayi jant tukuna, sannan aka nemi duk tayar da ke da araha a kasuwa. Mai inci 17 da ya ɗora 215/60 R17, irin ta motoci masu tsayi, ya kai ƙafarsa milimita 690, ƙarin kusan kashi 9 cikin 100. Gaskiya ne motar za ta ɗan ɗago daga ƙasa, abin da wasu direbobi ke so saboda yashi da tudun rage gudu. Amma saman tayar ya matsa kusa da madigadi da kusan santimita 3, motar ta rage ƙarfin tashi, kuma agogo ya fara ƙarya. Idan ya nuna kilomita 100 a awa, ainihin gudun ya kusa 109. A tafiyar Yamai zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 660, fiye da kilomita 50 ba za su shiga lissafin agogo ba, don haka lokacin juyen baƙin mai ma zai riƙa wucewa ba a sani ba.

Hanyoyinmu ba sa duba ado

Ko da lissafin tsayi ya yi daidai, akwai abin da ake sadaukarwa. Gefen tayar 195/65 milimita 127 ne. Na 225/45 milimita 101. Na 225/40 kuwa 90 kacal. Wannan roba mai cike da iska ita ce matashin farko da ke karɓar duka kafin ya isa ga amortisa. Daga inci 15 zuwa 18, an yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na matashin.

A kan kwalta mai santsi, siririyar taya na da amfaninta: mota ta fi bin sitiyari, ba ta lanƙwasa sosai a kwana. Shi ya sa ake ganinta a motocin tsere, har gasar Formula 1 ta bar jant mai inci 13 ta koma 18 a 2022. Amma waɗannan motoci ba sa bin hanyar Tawa zuwa Agadas, ba sa shiga lungunan unguwa bayan ruwan Agusta ya zaizaye bakin kwalta.

Idan siririyar taya ta faɗa rami da gudu, gefenta kan matse tsakanin bakin ramin da bakin jant. Zaren da ke ciki ya tsinke, sai a ga kumburi kamar ƙwai ya fito a gefe. Wannan kumburi ba ya facuwa, kuma tayar da ta yi shi na iya fashewa a kowane lokaci, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. In dukan ya yi ƙarfi, jant ɗin ma yakan samu rabonsa. Na ƙarfe lanƙwasa yake yi, mai faci ya buga shi da guduma ya koma aiki. Na alminiyam yakan tsage, kuma wanda aka yi wa walda ko aka gasa da wuta aka miƙe ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Ba banza ba ne motocin da ke ratsa Tenere, irin su Land Cruiser ta aiki, suka tsaya a jant mai inci 16 da taya mai dogon gefe. Direba na iya rage mata iska idan ya shiga rairayi, ta baje ta hau kan yashi. Mai taya 40 ko 45 ba shi da wannan dama, domin babu robar da za ta baje.

Shi ya sa ga ƙaramar motar da ke fita bayan gari, ƙarin inci ɗaya, daga 15 zuwa 16, ya fi dacewa da hanyoyin ƙasar nan. Inci 17 na iya yiwa wanda yawonsa bai wuce kwaltar cikin birni ba. Abin da ya haura haka, mai shi ya shirya zama abokin mai faci.

ET: lambar da ba a cika tambaya ba

Idan aka kifa jant aka duba bayansa, za a ga rubutu kamar 6J×15 ET45. Lamba 6 faɗin jant ne a inci, J siffar bakinsa ce, 15 girmansa. ET kuwa taƙaitawar wata kalmar Jamusanci ce, kuma ita ke nuna zurfin zaman jant a jikin mota.

A ƙaddara an raba faɗin jant gida biyu daidai da layi. ET shi ne nisan da ke tsakanin wannan layi na tsakiya da fuskar da ke manne wa ƙafar mota, a milimita. Idan lambar babba ce, jant yana shigewa ciki, wajen amortisa. Idan ƙarama ce, yana fitowa waje, wajen bakin madigadi. Yawancin ƙananan motocin da ke ja da ƙafar gaba suna tsakanin ET35 da ET50. Manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu kan yi amfani da lambar da ta fi haka ƙanƙanta, wasu har sifili ko ƙasa da sifili.

Lissafin ba shi da wuya, amma sai an haɗa shi da faɗi. Mai Corollar nan yana da jant mai faɗin inci 6 da ET45, ya ga wani mai faɗin inci 7.5. Ƙarin inci ɗaya da rabi milimita 38 ne, wanda ke rabuwa biyu: 19 ciki, 19 waje. Idan sabon jant ɗin ET45 ne shi ma, zai matsa kusa da amortisa da milimita 19, ya fito waje da 19. Idan ET35 ne, duk jant ɗin ya goce waje da milimita 10, don haka ta ciki ƙarin ya zama 9, ta waje kuma 29. Idan aka yi rashin sa'a ET20 ne, irin wanda aka yi wa wata mota daban, bakinsa na waje zai fito da milimita 44, fiye da santimita 4.

A tsaye cikin gareji, babu kaya a mota, wannan ƙafa da ta leƙo waje na iya burge mai shi. Amma da zarar an cika kujerun baya da but, aka hau tudun rage gudu, bakin madigadi zai sauka a kan tayar ya riƙa yanka ta kamar wuƙa. Ta ɗaya ɓangaren, jant mai ET da ya yi yawa kan sa taya ta goga amortisa ko bututun man birki, wurin da ido ba ya gani sai ɓarna ta yi nisa.

Akwai kuma illar da ba a ji sai a hankali. Kamfani ya tsara nauyin mota ya sauka kusa da tsakiyar boris. Idan aka tura ƙafa waje, nauyin ya koma yana danna boris daga gefe, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu. Boris da sauran gaɓoɓin ƙafa su riƙa saurin mutuwa, sitiyari ya yi nauyi, kuma duk ramin da aka taka sai ya fizgi hannun direba. Saboda haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ET ya yi nisa da na asali. Bambancin milimita 5 zuwa 10 yawanci ba ya kawo matsala idan fili ya isa, fiye da haka kuwa sai an auna da kyau.

Faɗin jant kuma dole ya dace da faɗin taya. Taya 225/45 R17, alal misali, an yi ta ne don jant mai faɗin inci 7 zuwa 8.5. Jan ƙaramar taya a kan faffaɗan jant don ta yi kyan gani na barin bakin jant a fili, kuma tana iya zamewa ta saki iska a kwana.

Kusan daidai ba daidai ba ne

Kafin ET ma, akwai tsarin ramukan noti. Ana rubuta shi kamar 4×100 ko 5×114.3: adadin ramuka, da faɗin da'irar da suka zauna a kai a milimita. Motocin Peugeot da yawa 4×108 ne, Mercedes 5×112, Hilux mai ja da ƙafa huɗu da Prado 6×139.7. Corolla kanta ba iri ɗaya ba ce: akwai mai 4×100, akwai 5×100, akwai 5×114.3, gwargwadon shekararta da ƙasar da aka yi ta dominta. A kasuwar da motoci ƴan Kwatano suka fito daga Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, sunan mota kaɗai bai isa a sayi jant da shi ba.

Haɗarin ya fi yawa a inda lambobin suka yi kusa. Jant mai 5×112 na iya hawa kusoshin 5×114.3 idan aka matsa, haka 4×98 na Fiat a kan 4×100. Ido ba ya ganin bambancin milimita 2, amma kowane noti zai zauna a karkace, kusoshi su riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan har ranar da za su karye. Faɗaɗa ramuka da zarto ko injin huda, kamar yadda ake yi a wasu wurare don a ceci ciniki, na ƙara raunana jant ɗin ne kawai.

Sai ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafa. A ƙananan Toyota yawanci milimita 54.1 ne ko 60.1. Jant ɗin kasuwa kan zo da rami mai faɗi don ya shiga motoci iri-iri, kuma ana cike gibin da wani zobe na roba mai tauri ko alminiyam. In babu zoben, da wuya jant ya zauna a tsakiya daidai, sai sitiyari ya riƙa karkarwa idan gudu ya kai wani mataki, ko da an daidaita nauyin tayar a inji.

Noti ma ba ɗaya ba ne. Jant ɗin alminiyam na asali na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa, yawancin na kasuwa kuma mai gindin tsini suke so, na Mercedes da Volkswagen kuwa mai zagayayyen gindi ne. Tsohon noti a kan sabon jant na iya ɗauruwa tamau a hannu, amma ya kwance a hanya domin bai zauna a gurbinsa ba. Ƙarfin ɗauri ma da iyakarsa: a ƙananan Toyota kusan 103 ne a ma'aunin Nm, abin da sifana mai awo ke nunawa. Hawa kan sifana da ƙafa har sai ta yi ƙara na miƙar da kusoshi ne.

Nauyin da taya ke ɗauka, da shekarunta

A koma ga 91H da ke ƙarshen rubutun tayar asali. Lamba 91 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 615, H kuma na nufin an yi ta don gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. Yawancin tayoyi 215/45 R17 na yau da kullum lambarsu 87 ce, wato kilo 545. Bambancin kilo 70 ne a kowace ƙafa, kilo 280 a mota gaba ɗaya. Ga motar da ake lodawa mutane da buhunan gero zuwa ƙauye, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Mafita ita ce neman mai alamar XL, wadda aka ƙarfafa, kuma kada lambar nauyi ta gaza ta asali.

Tunda manyan tayoyi sababbi na da tsada, da yawa kan koma ga na hannu. A nan sai a nemi rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya a duba ta duk shekara idan ta kai shekara 5 ana aiki da ita, a kuma sauya ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai cinye ba. Rana da zafi irin na Sahel na busar da roba da wuri, don haka tsagewa a gefe alama ce ta a bar ta ko nawa aka rage kuɗinta. Haka kuma tayar da aka yi don lokacin sanyin Turai, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarta laushi gare ta, tana saurin cinyewa a kan kwalta mai zafi.

Abin da aljihu zai ji

Kuɗin saye ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Babban jant da faffaɗar taya sun fi nauyi, kuma injin ne ke biyan wannan nauyi da mai. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Volkswagen Golf guda da jant daga inci 15 har zuwa 19, ta gano cewa a mafi girman, nisan da motar ke yi da lita ɗaya ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma ta rage saurin tashi.

Akwai kuma batun samuwa. Taya 195/65 R15 da wuya a rasa ta a kowane babban gari da ke kan hanyar ƙasa mai lamba 1. Wanda 225/40 R18 ɗinsa ta fashe a Tasawa ko Gidan Rumji na iya kwana yana jiran a aiko masa da wata daga birni. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kiyaye tsayin ƙafa na asali ke da muhimmanci: tsohuwar safaya za ta iya kai shi gida, muddin ya ajiye notinta na asali a but.

Kafin kuɗi su bar hannu

Mai mota ba ya bukatar zama injiniya. Ya fara da kwafe abin da ke takardar bakin ƙofa da abin da ke bayan tsohon jant ɗinsa: girman taya, faɗi, ET, tsarin ramuka. Ya sa a kifa sabon jant ya karanta nasa da idonsa, kuma wanda babu rubutu ko kaɗan a bayansa ya bar shi. Ya duba alamar walda ko tsagewa ta ciki.

Sannan a gwada ƙafa ɗaya ta gaba kafin a biya. A ɗaura jant, a juya shi da hannu a tabbatar bai taɓa kan birki ba. A sa taya, a sauke mota ƙasa, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu a ji ko akwai fili tsakanin taya da amortisa. A yi haka a baya ma, mutane uku su zauna, a haye tudu a hankali a saurara. Bayan an ɗaura duka, a daidaita nauyinsu a inji, a saita ƙafa, a auna iska da safe kafin taya ta ɗumama, sannan a koma a sake ɗaure noti bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Duk wannan bai wuce aikin rabin awa a gareji ba, kuma mai sayarwar da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba da amsa. Tsofaffin jant ɗin ma kada a yi gaggawar sayar da su. Damina na tafe, kuma wanda ya jingine su a lungun gida zai iya mayar da su a ranar da tafiyar ƙauye ta taso.